Riƙau da Karan Masara

Riƙau ba sunansa na yanka ba ne, amma ko matarsa sai ta ɗan yi tunani kafin ta tuno na ainihin. Tun yana yaro aka laƙaba masa shi, don in ka taka shi yau ba zai ce maka uffan ba. Zai bar ka ka manta, ka yi aure, ka haihu, sannan wata rana ka tsinci sakamakonka a bakin ƙofa. Akwai wani mai aski a bakin kasuwa da ya taɓa yankar masa kunne, maimakon ya ba da haƙuri sai ya yi dariya. Tun daga ranar Riƙau yake takawa har ƙarshen gari a yi masa aski, in zai dawo kuma sai ya bi ta gaban shagon na farko, ya cire hula, ya rage tafiya, don a ga kan da kyau. Mai askin ya tsufa, idonsa ma ya daina gani sosai, amma Riƙau bai daina cire hular ba.

In aka ajiye wannan hali gefe, ba a raina shi a wajen aiki. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, tafin hannunsa ya yi kanta har ƙaya ba ta shiga. Gonar da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a ciki kuwa ba tasa ba ce. Ta Baffa ce, ƙanin mahaifinsa, wanda ya ba shi ita tun yana saurayi, lokacin ba komai a cikinta sai kututture da ƙaya. Sharaɗi ɗaya aka yi, da baki: duk masarar da aka noma, kashi ɗaya cikin uku na Baffa ne. Riƙau ya tone kututturen ɗaya bayan ɗaya, ya kwashe duwatsu, ya kewaye ta da shinge mai rai wanda ko ɗan akuya ba ya samun kafar shiga. Da masararta ya yi aure, da ita ya ciyar da 'ya'ya har suka kama gabansu. Yana son gonar nan so na gaske, irin wanda bai taɓa furta wa ɗan Adam ba.

Nomansa iri ɗaya ne kullum. Masara bana, masara baɗi, tunda a kanta aka yi magana. Da an karye ta sai ya sare kara, matarsa ta ɗebi na girki, sauran ya tara ya cinna masa wuta. Kafin ruwan farko gonar ta yi fes kamar an share tsakar gida, masu wucewa suna yabawa, shi kuma yana jin daɗi. Amfanin kuwa yana ta ja da baya a hankali, yadda ba za ka ce ga shekarar da ya fara ba. Ƙasar ta yi fari, ruwa in ya sauka sai ya gudu ya bar ta. Riƙau ya ƙara takin zamani, ya zargi damina, ya zargi mai sayar da iri har ya daina gaishe shi.

Wata shekara, ana ɗora wa Baffa kasonsa a amalanke, tsohon ya dogara da sandarsa ya yi gyaran murya.

"Ɗana, ƙaninka zai dawo gida. Ɗinkin nan na birni ya ƙi, har keken ya sayar."

Ƙanin da yake nufi shi ne ɗan Baffa na cikinsa, wanda kowa ke kira Tela.

"Allah ya kawo shi lafiya," in ji Riƙau.

"Amin. To ka ga yana da iyali. Ka ƙara noma gonar nan damina ɗaya, kafin ya gama tattaro kayansa. Daga ita sai ka miƙa masa." Sannan ya ƙara da cewa, "Ka san dai aro na ba ka. Kuma ai kana da filin mahaifinka can bayan gida."

Filin da ake magana fako ne, ko ciyawa sai ta ga dama take fitowa. Riƙau ya dubi shingen da ya dasa da hannunsa, ya dubi tsohon, ya ce, "To, Baffa."

Da ya koma gida ya gaya wa matarsa, tana tsugune gaban murhu, ta ce, "Kai kuma me ka ce masa?"

"Na ce to."

Ta ajiye ludayin da ke hannunta. "Wayyo ni. Malam, don Allah ka koma ka yi masa rashin kunya, ka huta mu huta. Wannan to ɗin naka ni na san shi."

Bai yi wa kowa rashin kunya ba. Washegari ya ɗauki adda ya shiga gona, ya hau karan da ke tsaye da sara, yana yi yana huci, kowane kara sai ya datse shi gunduwa-gunduwa. Da ya gama bai tara ba, bai ƙona ba. Ya rantse ya gama yi wa wani shara. Ya bar shi nan warwatse, gonar ta yi kaca-kaca har masu wucewa suna tambaya ko ba shi da lafiya.

Wannan somin-taɓi ne. Babbar ramuwar tana cikin kalma ɗaya, kuma ya yi ta juya ta a ransa duk tsawon rani. Da damina ta faɗi, bai sa ƙwayar masara ko ɗaya a ƙasa ba. Waken suya ya shuka, daga wannan shinge zuwa wancan, a tsakanin ruɓaɓɓen karan. Da kaka ta yi Baffa ya zo da amalanke kamar yadda ya saba, ya tarar da buhunan wake a jere.

"Sannu da aiki, ɗana. Ina nawa kason?"

"Kason me, Baffa?"

"Kamar yaya kason me?"

"Ai masara muka yi magana. Ka ga masara a nan?"

Amalanken ya juya ba komai a ciki, ƙarar tayoyinsa kuwa ta yi wa Riƙau daɗi a kunne. Ranar sai da ya nemi ƙarin abinci. Waken ma a tsakiyar gonar ya cashe shi, ya bi da shebur yana watsa ƙaiƙayin da karmamin ko'ina, yadda ba mai iya tattara shi. Sannan ya toshe ƙofar shingen da ƙaya, kada dabbobin wani su shiga su cinye dattin su rage wa Tela aiki. Ya karkaɗe hannu ya fita, bai waiwaya ba.

Tela bai iso ba sai da ruwa ya riga ya sauka. Siriri ne mai laushin hannu, mai yawan murmushi, in ya gaishe ka sai ya rusuna har ka ji kunya. Ya tarar da gona cike da shara, ya gwada cinna wuta ta ƙi ci saboda laima. Lokaci na ƙurewa, sai kawai ya bi da sanda yana huda ƙasa ta cikin dattin yana jefa masara. Riƙau yana ganin haka daga bakin hanya ya yi dariyar mugunta. Ya ƙirƙiri hanyar zuwa kasuwa ta gefen gonar, duk da ta fi nisa, don kada kallon ya wuce shi.

Kallon da ya samu ba shi ya je nema ba. Masarar ta fito koriya shar, har tana yin duhu. A tsakiyar damina aka yi ɗan fari, ganyen masarar maƙwabta ya nannaɗe, ta Tela ko a jikinta. Ta yi goyo manya-manya, wasu bibbiyu. Tun Riƙau yana saurayi rabon gonar da ta yi irin wannan haihuwa. Kuma don abin ya ƙara ci masa rai, sai ga Tela har gida da kwando cike da ɗanyar masara.

"Yaya, ga ɗanɗano. Wallahi albarkar hannunka ce, ni me na sani?"

Riƙau ya karɓa ya yi godiya. Matarsa ta gasa, ƙamshi ya cika gida, shi kuwa ko ƙwaya ɗaya bai ci ba.

Bayan an karye masarar, ya faki idon mutane da tsakar rana ya shiga gonar da fartanya. Sara ɗaya ya yi ya tsaya. Ƙasar da ya bari fara ƙal ta yi duhu a sama, ta yi laushi, ga tana tana motsi a ciki. Karan da ya datsa da fushi babu shi, gara ta ja shi ƙasa, ruwa ya ƙarasa sauran. Nan ya tuna da wani malamin gona da ya taɓa tara mutane a gindin bishiyar kasuwa, yana cewa kara abincin ƙasa ne, yana riƙe mata laima, kuma saiwar wake tana da 'yan ƙulle-ƙulle da ke bar wa masara taki. A lokacin Riƙau bai saurara ba, saboda mutumin ya taɓa fantsama masa ruwan kwata da babur.

Ya zauna a kan kunyar gona, abu biyu suna cin sa. Na farko baƙin ciki ne, cewa duk shekarun nan shi da kansa yake hana gonarsa abinci da ashanar aljihunsa. Na biyu haushi ne, cewa maganin da bai taɓa yi mata don kansa ba, ya yi mata shi don wani, kuma da sunan mugunta. Kafin ya miƙe, haushin ya cinye baƙin cikin.

Ba a daɗe ba Tela ya kawo kansa. Ya same shi a ƙofar gida yana wasa adda, ya tsuguna.

"Yaya, shawara na zo nema. Yaya zan yi baɗi ma ta yi haka?"

Riƙau ya gwada kaifin addar da babban yatsa. A daidai nan dabarar ta zo masa cikakkiya. In gonar ta mutu a hannun Tela, dole su dawo masa da ita, shi kuma yanzu ya san yadda ake tayar da ita.

"Toka," ya ce. "Sirrin gonar nan toka ne. Wadda na yi shekaru ina zubawa ce ta taso bana. Ka tattara komai, har tushiya ka tumɓuke, ka ƙone. Kuma kada ka sa mata komai sai masara, ita ta sani."

"Amma na ji malamin gona yana cewa a riƙa barin kara, a riƙa canza shuka."

"Shi ya tone kututturen gonar nan ko ni?"

"Kai ne, Yaya."

"To."

Daga nan har taimako ya riƙa yi masa. Duk kaka, kafin Tela ya cinna wuta, sai ga Riƙau da amalanke. "Bari in rage maka, kada wutar ta fi ƙarfinka ta ci shinge." Ya loda kara son ransa ya kai fakon bayan gidansa ya shimfiɗa. Ya sa wake bana, masara baɗi, gyaɗa a shekara ta gaba, ganye da ƙaiƙayi duk ya mayar wa ƙasa. Abin bai zo da sauri ba. Shekarar farko ɗan abin da ya samu ko na iri bai kai ba, masarar farko ma ganyenta ya yi rawaya kafin karan ya gama ruɓewa. Amma fakon ya fara shan ruwa, ya fara laushi, har wata damina mutane suka fara tsayawa kallo. Da Tela ya tambaya me ya sa shi ba ya ƙonawa, Riƙau ya ce, "Kowace ƙasa da halinta. Wannan ai juji na mai da ita." Tela ya gyaɗa kai, don bai taɓa kawo wa ransa cewa Yaya zai yi masa ƙarya ba.

Can gonar Tela kuwa abin yana tafiya yadda aka tsara. Shekarar farko bayan ƙonawar masarar ta yi kyau, saboda sauran ƙarfin da ke ƙasa, Tela ya zo ya ƙara godiya. Ta biyu ta ragu. Daga nan sai gangara. Karan ya sirance, goyon ya koma kamar yatsa, ruwa ya fara yanka kwari a tsakiyar kunyoyi. Sai wuta-wuta ta shigo, ciyawar nan mai kyawun fure da ke manne wa saiwar masara tana tsotse ta. Riƙau yakan tsaya a bakin shinge ya ga furen ya baje, ya ji sanyi a ransa. Ba a ɓoye wannan ba: daɗi yake ji, daɗi sosai, ko da yake wani lokaci in ya ga kwarin da ruwa ya yanka sai ya kau da kai.

Matarsa ce kaɗai ta gane. Wata rana tana tankaɗe ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Malam, yaran gidan can fa jininka ne. Ka ga wuyan ƙaramar kuwa?"

"Ni na karɓe wa ubansu gona?"

"Shi ma ba shi ya karɓe maka ba."

Ya san tana ɗibar hatsi a rumbu tana aika musu a ɓoye, ya yi kamar bai sani ba, ya ɗauki wannan a matsayin iyakar adalcin da zai yi.

Ranar da yake jira ta zo bayan wata kaka da Tela bai cika ko rabin amalanke ba. Ya shigo gidan a sanyaye, ya rame, hannun nan mai laushi duk ya farfashe.

"Yaya, na gaji. Duk abin da ka ce na yi, ta ƙi. Ko za ka karɓi abarka?"

Riƙau ya dube shi sama da ƙasa. Da ya ce to a nan, da labarin ya ƙare lafiya. Amma mutumin da ya yi shekaru yana dafa abu ba ya son a miƙo masa shi a tsaye a bakin ƙofa. So yake Baffa ya tako da ƙafarsa, ya tsaya a daidai inda ya tsaya waccan rana, ya mayar da maganarsa.

"Ba kai ka ba ni ba, ba kai ka karɓe ba. Wanda ya karɓe da bakinsa, shi zai zo ya mayar da bakinsa."

"Yaya, Baba fa ƙafa ta ƙi. Ko ƙofar gida sai an riƙe shi."

"To ai ba sauri nake ba."

Duk ranin nan shiri ya yi. Ya tara kara a bayan ɗaki har tulin ya fi katanga tsawo. Ya zaɓi irin wake mai kyau ya adana. Ya tsara a ransa ta inda zai fara, yadda zai toshe kwarin da duwatsu, da shekarun da zai hana gonar ganin masara har wuta-wutar ta gaji. Matarsa ta ce ya je ya gaida tsohon mana, ko maganar ta taso da kanta. Ya ce ƙafar da aka kora ba ta komawa sai an kira ta.

Ana gab da damina Tela ya sake zuwa, wannan karon fuskarsa a sake, da ƙunshi a leda.

"Yaya, Allah ya kawo mafita. Masu aikin sabon titi ne suke neman ƙasar ciko. Sun ce ba ruwansu da tana haihuwa ko ba ta haihuwa, jar ƙasar da ke ƙarƙashi suke so. An gama magana, har sun fara. Na sayi keke, na kama shago." Ya buɗe ledar ya fito da riga, ɗinki mai kyau. "Na ce ɗinkin farko naka ne. Ba wanda ya tsaya mini kamar kai."

Riƙau ko kallon rigar bai yi ba. "Baffa ya yarda?"

"Da farko ya ƙi. Sai na gaya masa na yi maka tayi ka ƙi karɓa. Ya ce to shi ke nan, in da tana gyaruwa, kai za ka fara sani."

Ko takalmi bai tsaya sawa daidai ba. Tun daga nesa ya ji rugugin inji. Shingen babu shi, an ture shi gefe guda saiwoyi a sama. Inda gonar take rami ne ja wur, mai zurfin da zai shanye mutum a tsaye, katafila tana ciki tana kamfata tana zuba wa tifa. Ya tare wani direba da ke jiran layi.

"Ƙasar saman fa? Wadda kuka fara kwashewa, ina kuka kai ta?"

"Wace, baba? Farar nan? Ai ba ta da amfani a aikinmu. Wani kududdufi muka cike da ita, har an daɓe wurin."

Riƙau ya daɗe a tsaye a bakin ramin, ƙura tana sauka a kansa. Ya nemi wanda zai riƙe da wannan. Ya gwada Baffa, ya gwada Tela, ya gwada mai katafilar, duk abin ya ƙi zama. Mutum ɗaya ya rage, kuma da shi yake kwana, da shi yake tashi.

Da ya koma gida ya tarar rigar tana ninke a kan tabarma. Matarsa tana tsaye gaban tulin karan da ya tara, ta riga ta ji labari.

"To, Malam," ta ce. "Ka rama."

Ya zauna a bakin ƙofar ɗaki.

"Karan nan fa? Itacena ya ƙare. In ɗiba in hura wuta?"

Ya dubi tulin, ya daɗe yana dubansa.

"Ɗiba," ya ce.